Ranar da Akta Ya Mutu: James Bond da Tambayar Zamani

Duk wanda ya taɓa zama bisa benci a gidan kallon bidiyo na unguwa, a Maraɗi ne ko a Damagaram, ya san dokar da yara ke karanta wa juna idan fim ya ɗauki zafi: akta ba ya mutuwa. Ko an ɗaure shi tamau, ko an jefa shi ramin kada, ko shef bandi ya ɗora masa bakin bindiga a goshi, yaron da ke gabanka zai waiwayo ya kwantar maka da hankali da wannan magana. A shekarar 2021 aka karya dokar. Cikin fim ɗin No Time to Die, James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila mai lamba 007, ya tsaya bisa wani tsibiri yana kallon sama, makamai masu linzami na sojan ruwan ƙasarsa suka sauko masa, ya mutu. Amma da aka gama jero sunayen ma'aikatan fim ɗin, sai ga rubutun nan da aka saba gani tun shekarun 1960 ya sake fitowa, yana alƙawarin cewa James Bond zai dawo.

Wannan mutuwa da wannan alƙawari, a haɗe cikin fim guda, su suka sa ni ɗaukar alƙalami. Tambayar da nake son mu duba tare da masu karatu ita ce: fim ɗin da aka yi ta haifar masa ƙanne shekara sittin, wato abin da zan kira zuriyar fim, ko sabon ɗan da zai fito daga cikinta zai iya faɗa wa mutanen zamaninsa wani abin da ya shafe su? Ko kuwa tsohon tuwo ne ake ɗumamawa, ana sake masa kwano? Tambayar ta shafi malaman lakwal da ƙungiyoyin raya al'adu, domin mafi yawan fina-finan waje da ƴaƴanmu ke kallo a wayoyinsu irin waɗannan zuriyoyi ne: kashi na biyar, kashi na tara, kashi na goma.

Asalin jarumin

Ba a gane ko reshe na da rai sai an duba saiwa. Ian Fleming, wanda ya yi aiki a sashen leƙen asirin sojan ruwan Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ya ƙirƙiro Bond cikin littafinsa Casino Royale na 1953. A gidansa da ke Jamaika yake rubuta littattafan, lokacin tsibirin na ƙarƙashin mulkin mallaka. Shekarun nan kuwa daular Ingila na ta zaizayewa. Indiya ta tafi a 1947. A 1951 wasu jami'an diflomasiyyarta biyu, Burgess da Maclean, suka tsere zuwa Tarayyar Sobiyet, aka gane ashe ƴan leƙen asirin abokan gaba ne. A 1956 Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar saboda mashigin Suwez, Amurka ta tsawata musu, suka janye da kunya. Cikin wannan yanayi ne Fleming ya ba ƴan ƙasarsa wani mutum guda mai kwat da bindiga, wanda ke ceton duniya shi kaɗai, jami'in Amurka kuma, Felix Leiter, yana biye da shi a matsayin mataimaki. Bond lallashi ne ga daular da ta san rana ta yi mata yamma.

Fim na farko, Dr. No, wanda Albert Broccoli da Harry Saltzman suka shirya da kuɗin da bai wuce dala miliyon ɗaya da ƴan kai ba, ya fito a watan Oktoba na 1962. Jamaika ta samu ƴancinta a watan Agusta na wannan shekarar, amma a cikin fim ɗin tana nan a matsayin ƙasar mallaka, da fadar gwamna da kulob ɗin Turawa. Akwai wani masunci baƙar fata mai suna Quarrel da ke taimakon Bond: shi ne mai tsoron dodo, shi ake aika ya ɗauko takalma, shi ne kuma wuta ta cinye, labari ya ci gaba abinsa. Mu riƙe wannan masunci a zuciya, za mu komo gare shi.

Daga 1962 zuwa 2021 kamfanin Eon ya fitar da fina-finai 25, da ƴan wasa shida: Sean Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan da Daniel Craig. Masanin nan na Italiya, Umberto Eco, ya nuna tun tsakiyar shekarun 1960 cewa labaran Fleming kamar wasan dara suke, mai kallo ya san ƴaƴan wasan, ya san yadda za a ƙare, daɗinsa shi ne ganin ta wace hanya za a bi wannan karon. Shugaba M ya ba da aiki, Bond ya gamu da mugu, ya gamu da mace, a kama shi, ya kuɓuce, ya rusa sansanin mugu. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ba wanda ke zama gaban kaka don ya ji ko Gizo zai daina wayo. Ana zama ne don a ji wa zai cuta yau, da kuma yadda asirinsa zai tonu. Saboda haka maimaici shi kaɗai ba aibi ba ne. Aibin yana wani wuri.

Bin yayi

Hanya ta farko da masu Bond suka bi don kada a bar su a baya ita ce bin yayi, kuma zamanin Roger Moore ne ya fi nuna ta a fili. A farkon shekarun 1970 fina-finan baƙaƙen fatar Amurka irin su Shaft na 1971 suna cin kasuwa, sai ga Live and Let Die a 1973, an kai Bond unguwar Harlem, an ba shi mugu baƙar fata da bokaye da macizai. A 1973 duniya ta shiga matsalar man fetur, fina-finan Bruce Lee kuma suna tashe, sai ga The Man with the Golden Gun a 1974, ana rigima bisa wata na'urar sarrafa hasken rana, an kuma cusa makarantar kareti a tsakiyar labari. A 1977 Star Wars ya girgiza kasuwa. Masu Bond sun riga sun sanar da cewa For Your Eyes Only ne zai biyo baya, amma suka jingine shi, suka harba jaruminsu sararin samaniya cikin Moonraker a 1979.

Ta fuskar kuɗi dabarar ta ci, domin Moonraker ya tara abin da wani fim ɗin Bond bai tara ba sai a 1995. Ta fuskar ma'ana fa? Wanda ya kalli waɗannan fina-finai yau zai ga tufafin shekarun 1970, zai ji kiɗansu, amma ba zai ji abin da ke damun mutanen lokacin ba. An ɗauki Harlem a matsayin ado, ba a tambayi abin da ya sa mazaunanta ke cikin fushi ba. An ambaci matsalar makamashi, ba a taɓa maganar wa ke da man da wa ke sayensa ba. Zamani riga ne, in ji masu iya magana, to waɗannan fina-finai rigar kawai suka ara, jikin da ke ciki bai motsa ba.

Wani lokaci ma bin labarin yau yakan zama tarko gobe. Cikin The Living Daylights na 1987, Bond ya haɗa kai da mayaƙan Afganistan masu yaƙar sojan Sobiyet, an nuna su jarumai bisa dawaki, domin haka siyasar ƙasashen yamma take a lokacin. Bayan 2001, da sojojin waɗannan ƙasashe suka shiga Afganistan da kansu, sai fim ɗin ya koma shaida bisa yadda manyan ƙasashe ke sauya aboki da maƙiyi gwargwadon bukata. Ya zama abin nazari, amma ba da niyyar masu shi ba.

Lokacin da aka tuhumi jarumin

Hanya ta biyu ta fi wuya, ta kuma fi albarka. Bayan Licence to Kill na 1989 an yi shekara shida ba sabon Bond, saboda rigingimun shari'a tsakanin kamfanoni. Kafin a dawo, katangar Berlin ta faɗi, Tarayyar Sobiyet ta wargaje, yaƙin cacar baka ya ƙare. Mutane da dama suka ce ai jarumin ya rasa aikin yi. Abin da GoldenEye na 1995 ya yi shi ne ya ɗauki wannan zargi ya saka shi cikin fim. An naɗa mace, Judi Dench, a matsayin M, kamar yadda a zahiri Stella Rimington ta shugabanci hukumar MI5 tun 1992, kuma a zamansu na farko ta faɗa wa Bond a gaban idonsa cewa shi ragowar wani zamani ne da ya wuce, mai raina mata. Mugun fim ɗin ma ɗan gida ne, tsohon abokin aikinsa mai lamba 006, wanda iyayensa na cikin Kosak ɗin da Ingila ta miƙa wa Stalin a 1945 bayan sun nemi mafaka gare ta. Karo na farko ke nan da mugunta ta fito daga cikin tarihin Ingila kanta. Wurin da su biyun suka haɗu, wani fili da aka zubar da gumakan Lenin da sauran shugabannin kwaminisanci, ya faɗi abin da dogon jawabi ba zai faɗa ba.

Sai dai fina-finan Brosnan da suka biyo baya sun koma gidan jiya, har aka kai ga Die Another Day na 2002, da motarsa mai ɓacewa daga gani. Shekara guda ke nan bayan harin 11 ga Satumba, kuma a shekarar ce The Bourne Identity ya nuna wani irin ɗan leƙen asiri mai gudun hukumar da ta horar da shi. Fim ɗin Bond ya samu kuɗi, amma masu shi, Barbara Broccoli da Michael Wilson, sun gane cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Suka koma littafin farko na Fleming, suka ɗauko Daniel Craig. Cikin Casino Royale na 2006 mun ga Bond yana zubar da jini, yana kuskure, yana wanke hannunsa bayan kisa yana kallon madubi kamar bai san mai kallonsa ba. Mugun kuwa ma'ajin kuɗin ƴan ta'adda ne, wanda ya yi caca da dukiyar mutane ya faɗi, shi ma tsoro ke cinsa. Fim ɗin ya tambayi abin da aikin kisa ke yi wa zuciyar mai yinsa, tambayar da ta dace da shekarun yaƙin Iraki da labaran azabtar da fursunoni.

Skyfall na 2012, wanda Sam Mendes ya tsara don cikar zuriyar shekara hamsin, shi ya fi kowane samun kuɗi, sama da dala miliyar ɗaya. Gwaninta ce ta ɗaukar hoto da wasa, ba mai musun wannan. A nan ma mugun ɗan gida ne, jami'in da M ta sallama wa Sinawa gab da miƙa Hong Kong a 1997, an kuma gurfanar da M gaban kwamitin majalisa ta kare amfanin hukumarta. Amma a duba yadda fim ɗin ya ƙare. An fito da tsohuwar motar Aston Martin ta Goldfinger na 1964. M mace ta mutu, namiji ya gaje ta cikin ofis irin na da. Moneypenny, wadda aka fara nunawa da bindiga a fagen fama, ta koma bayan tebur tana karɓar baƙi. An yi tuhuma, an saurari shaidu, sannan aka wanke wanda ake tuhuma aka maida shi kujerarsa. A ganina, Skyfall ya yi magana da Ingilar 2012, shekarar da aka nuna Craig tare da Sarauniya Elizabeth wajen buɗe wasannin Olimpik na London, amma abin da ya faɗa mata shi ne abin da take son ji: tsohuwar zuma da ita ake magani.

Daga nan dabarar ta fara gajiya. Spectre na 2015 ya sake tambayar ko ana bukatar Bond a zamanin sa ido ta na'ura, shekara biyu bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi, amma ya watsar da wannan babbar magana ya koma rigimar gida, wai shugaban mugaye Blofeld ɗan mutumin da ya riƙi Bond ne yana yaro, hassada ce ta sa shi duk abin da ya yi. Duniya guda aka ƙanƙance ta koma faɗan ƴan uba. No Time to Die ya ba wata baƙar fata, Lashana Lynch, lambar 007, amma kafin ƙarshe ta roƙi a maida wa mai ita. Ya ba Bond ɗiya, ya kuma kashe shi. Tun 1995 ake tambaya ɗaya, ko wannan mutum na da sauran amfani, kullum amsar ita ce e. Tambayar da aka riga aka san amsarta ta zama al'ada kawai, kamar gaisuwar safe.

Darasi daga wasu zuriyoyi

Kada a ce tsufa ne kawai ke kashe zuriyar fim, ga Godzilla na Japan da ya girmi fina-finan Bond da shekara takwas. Ishiro Honda ya yi na farko a 1954, shekara tara bayan Hiroshima da Nagasaki, kuma a shekarar da ƙurar gwajin bam na Amurka a tsibirin Bikini ta sauka bisa wani jirgin masunta na Japan. Dodon da ke fitowa daga teku tsoron nukiliya ne aka ba jiki. An yi shekaru ana wasa da shi kamar abin wasan yara, amma bayan bala'in Fukushima na 2011, Shin Godzilla na 2016 ya maida shi madubin gwamnatin da ke ta taro bisa taro alhali gari na rushewa. Godzilla Minus One na 2023 kuma ya koma ƙarshen yaƙi, ya bi wani matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake da ya ƙi mutuwa, ya tambayi ƙasar da ta ɗauki ran ƴaƴanta da arha. Har ya samu kyautar Oscar a 2024 ta fannin dabarun hoto. Sirrin a nan shi ne raunin da ya haifi dodon bai warke ba, kowane tsara na Japanawa na da dalilinsa na taɓa shi.

Misali na biyu shi ne Rocky, ɗan damben da Sylvester Stallone ya fito da shi a 1976. Bayan fina-finai shida kowa ya ɗauka an gama. A 2015 wani matashin mai tsara fim baƙar fata, Ryan Coogler, ya yi Creed: ya ɗauke kyamara daga kan Rocky ya ɗora ta bisa ɗan Apollo Creed, abokin karawarsa na da, ya bar tsohon jarumi a gefe yana horarwa. Gari ɗaya, dambe ɗaya, amma idon da ke kallo ya sake, labari ya sake rayuwa.

Faransawa kuwa wata hanya suka bi da nasu ɗan leƙen asirin, OSS 117, wanda Jean Bruce ya ƙirƙiro a 1949, kafin Bond. Da Michel Hazanavicius ya farfaɗo da shi a 2006 tare da Jean Dujardin, sai ya maida shi abin dariya: Bature mai cika baki da ke yawo a Alƙahira ta 1955 bai san komi game da mutanenta ba, yana kuma ganin shi ne wayayye. Dariyar ta yi aiki domin ta taɓa gaskiya. Amma ita ma dariya tana da iyaka, kuma kashi na uku na 2021, wanda aka kai shi Afirka, ya nuna cewa mai kwaikwayon raini don ya yi masa ba'a, in bai yi hattara ba, sai a kasa bambanta shi da mai rainin.

Tambayar da ba a yi ba

Yanzu mu komo ga Quarrel, masuncin nan. Cikin shekara sittin an tuhumi Bond bisa tsufansa, bisa halinsa da mata, bisa ciwon zuciyarsa. Abin da ba a taɓa tsayawa a kansa sosai ba shi ne mutanen ƙasashen da yake ratsawa. Ko a Casino Royale, da na yaba, Afirka fagen guje-guje ce kawai: sansanin ƴan tawaye a Uganda cikin ruwan sama da laka, taron masu caca bisa faɗan maciji a Madagaskar, sai ofishin jakadancin wata ƙasar Afirka ta ƙage wanda Bond ya kutsa ya harbe mutumin da ba makami a hannunsa, ya tada wuta ya fice. Fushin M a kansa shi ne an ɗauki hotonsa ya fito a jarida. Lasisin kisan da ake taƙama da shi, in an fassara shi da harshen waɗanda abin ke faɗa wa, izini ne da wata ƙasa ta ba ma'aikacinta ya taka dokar kowace ƙasa.

Fim ɗaya ne ya kusanci wannan magana, shi ne kuma wanda aka fi rainawa cikin na Craig, wato Quantum of Solace na 2008. Yajin aikin marubutan Hollywood ya same shi, labarinsa na da giɓi, an kuma yayyanka hotunan faɗansa har ido ba ya iya bi. Duk da haka a dubi abin da ya ƙunsa. Mugun, wanda ɗan wasan Faransa Mathieu Amalric ya fito a matsayinsa, ɗan kasuwa ne mai fakewa da kare muhalli. Yana shirya wa wani janar juyin mulki a Bolibiya don a ba shi wani yankin hamada. Jami'an Amurka sun kau da kai domin suna zaton man fetur za su samu, wani ministan Ingila ma yana ganin ba laifi a yi hulɗa da shi. Ashe ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tarewa, don ya sayar wa ƙasar da ruwanta da tsada. Akwai ɗan gajeren wuri da aka nuna ƙauyawa tsaye gaban famfon da ya ƙafe. Wannan ba ƙage ba ne tsantsa, domin a shekarar 2000 mutanen Cochabamba sun yi bore bisa sayar da ruwan garinsu ga kamfani. Mai karatu a ƙasar Sahel, wanda ya san darajar rijiya, ya kuma san yadda ake ciniki bisa abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Amma ko a nan ƙauyawan ba su yi magana ba. An nuna ƙishirwarsu, aka wuce.

Tun 1966 Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya riga ya duba al'amarin ta ɗaya gefen cikin Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suna kwaikwayon jaruman sinima har suka addabi garinsu. Alassane ya tambayi abin da jarumin waje ke zama idan ya sauka a ƙauyenmu. Masu Bond ba su taɓa aro wannan ido ba.

Gizo da mai kamfani

To, ko Bond na 26 zai iya magana da zamaninsa? Mutuwar 2021 ba za ta hana ba. Akwai jarumin da ke manne da jikin mutum guda, kamar Ɗan Ibro, wanda da Allah ya yi wa Rabilu Musa rasuwa a 2014 ba wanda ya iya saka hularsa. Bond ya fi kama da Gizo, wanda kowane mai ba da labari ke ara wa murya. Sai dai akwai bambanci babba. Gizo na kowa ne, kowace kaka na iya juya shi ya ciji sarki ko malami ko attajiri, ba mai kai ta ƙara. Bond dukiyar kamfani ne. A 2022 Amazon ya sayi kamfanin MGM a kan kusan dala miliyar takwas da rabi, a farkon 2025 kuma iyalan Broccoli suka sakar masa ikon yanke shawara bisa fina-finan, bayan sun riƙe shi fiye da shekara sittin. A shekarar aka sanar da cewa Denis Villeneuve, ɗan Kanada da ya yi Dune, shi zai tsara fim na gaba.

Gwanintar Villeneuve ba abin shakka ba ce. Abin tsoro biyu ne. Na farko yawaitawa. Wani ɓangare na ƙarfin Bond shi ne jira: shekara biyu, uku, wani lokaci shida, har fitowarsa ta zama kamar salla. Disney ya sayi Star Wars a 2012, ya fitar da fina-finai biyar tsakanin 2015 da 2019, ɗaya daga ciki, Solo, ya faɗi a kasuwa, daga nan aka yi shekaru ba a kai wani gidan sinima ba. Ko zuma ce, in aka sha ta safe da yamma sai ta gundura. Na biyu, tambayoyin da suka fi damun wannan zamani, wato wa ke tara bayanan mutane, wa ke da rumbunan da ake ajiye su, ina ikon gwamnati ya tsaya na manyan kamfanoni ya fara, tambayoyi ne da suka shafi mai gidan da kansa. Tomorrow Never Dies na 1997 ya iya maida mai kafofin watsa labarai mugu. Ko sabon fim zai iya yin haka da attajirin fasahar zamani ba tare da an daskare masa haƙora ba, wannan shi ne gwajin.

Hukuncina shi ne: sabon fim cikin tsohuwar zuriya yana iya rayuwa, amma da sharaɗi. Sauya fuskar ɗan wasa, ko launin fatarsa, ko wayar da ke hannunsa, duk gyaran riga ne. Haka ma goge kalmomin wariyar launi daga littattafan Fleming, kamar yadda aka yi a bugun 2023, share ƙura ne daga madubi alhali fuskar na nan yadda take. Abin da ya raya Godzilla da Creed, ya kuma raya Bond a 1995 da 2006, shi ne komawa ga raunin da ya haifi labarin, a taɓa shi ta inda ba a taɓa ba, a kuma yarda amsar ta yi ɗaci. Raunin Bond shi ne daular da ta ƙi yarda ta ƙare. An duba shi ta idon London har an gaji. Saura a duba shi ta idon Quarrel.

Ga ƴan'uwa malamai da masu kula da kulob ɗin sinima, shawarata ƙarama ce. Kada mu hana yara kallon waɗannan fina-finai, ba ma za mu iya ba. Mu zauna tare da su mu kalli Dr. No, mu bi shi da Quantum of Solace, mu rufe da fim ɗin Alassane. Sannan mu yi musu tambayoyi uku: a wace ƙasa ake wannan faɗa, su wa ke da ƙasar, kuma sau nawa aka bar su suka buɗe baki? Yaron da ya koyi yin waɗannan tambayoyi zai ci gaba da jin daɗin fim, zai kuma riƙa lura da mutanen da ke faɗuwa a gefen hoto lokacin da akta ke wucewa.